Sabi'u Ba Ya Juye Kwano

Duk wanda ya zauna a Briketeri, unguwarmu a Yawunde, ya san ƙanena Sabi'u ba ya amsa gaisuwa ɗaya-ɗaya. Ka ce "Ina kwana", sai ya ɗaga maka hannu ka dakata. Sai kun taru a bakin zaure ya dube ku gaba ɗaya: "Lafiya lau, dukkanku."

Na ce, "Kai Sabi'u, haka Inna ta rene mu?"

Ya ce, "Yaya, in na tsaya wa kowa, na baya zai gaji ya tafi."

Ni ban yi boko ba, amma ido gare ni, kuma sai da na tsare shi ya faɗa mini aikinsa. Wai duk saƙon da aka tura a waya yayyanka shi ake yi, a ƙunshe kamar soya, wato tsire, kowane ƙunshi da adireshinsa. Shi kuma ya haɗa wani abu cikin kwamfuta, a wani ofishin rezo, wato kamfanin layin waya, mai duba ƙunshin nan suna wucewa don a gane inda hanya ta toshe. Amma in suka yi yawa sai abin ya gaza, wasu su zube bai gani ba. Maigidansa ya ce in ya sake zubarwa ranar Sallah, da kowa ke tura gaisuwa, za a ajiye nasa a sayo na Turawa.

To, daga nan gidanmu ya shiga uku!

Maƙwabciyarmu Hajiya Mero ta kawo mana dambu da kanta. Kowa ya san juyewa ake yi, a wanke kwano a mayar. Ina ɗauko namu ya riƙe mini hannu.

"Kada ki juye! Juyewar nan ce ke kashe ni. A ci shi inda ya sauka."

Ya zauna ya share dambun a kwanon mutane, Hajiya na tsaye baki buɗe. Ashe abin nasa ma sai ya juye kowane ƙunshi wani wuri kafin ya duba, nan lokaci ke tafiya. Shi ya samu gyara, ni na samu gaba da Hajiya har azumi.

Ranar sunan jikata kuma mata suka cushe a zaure, ba shiga ba fita. Sabi'u ya tsaya yana kallo. Washegari sai na ji guduma a katanga, na fito na tarar da shi yana fasa ta.

"Ƙofa ɗaya ce ciwon, Yaya."

"To je ka fasa ta cikin kwamfutarka, ɗan nema!"

Ya ce, "Can na fara. Nan saura ne."

Dole muka kira kafinta. Har yau ƙofar Sabi'u ake ce mata.

Kafin Sallah tari ya riga ya cinye shi, amma ya rantse ba shi ba lopital, wato asibiti, sai ya ga yadda abin nasa zai yi ranar Sallah. Muna saukowa idi ya baje a tabarma, ko nama bai taɓa ba, ya kira ni. Rubutu na zuba a fuskar kwamfutar kamar ruwan Yawunde a kan kwanon rufi.

"Saƙonnin Briketeri da unguwar Tsinga ne gaba ɗaya ke wucewa," in ji shi. Ya nuna mini wani zagaye a kusurwa, kamar ƙwai. "Zero, Yaya. Ko ɗaya bai faɗi ba."

Wallahi, yaron da na goya, gaisuwar gari duka na bi ta gabansa! Na kafa wa ƙwan nan ido har la'asar, bai motsa ba. Sannan ya rufe, ya ce, "Yanzu mu je lopital."

Bai dawo da ƙafarsa ba.

Ranar ta'aziyya ta ƙofa biyu aka riƙa shiga, babu wanda ya tsaya jira. Da gaisuwa ta yi mini yawa, na ɗaga hannu har suka taru, na amsa gaba ɗaya. Hajiya Mero ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

Allah, Ka ga bawanKa ba ya son jira. Ka wuce da shi Siraɗi kamar walƙiya, kuma cikin alherinsa kada ko ƙunshi ɗaya ya faɗi. Amin.