Sha-Biyar ya manta da matsi

A tashar bututun mai, Sha-Biyar ake kiransa. Shekara ashirin da shida yana zaune a ɗaki mai taga ɗaya, gabansa allo, gefensa kofin shayi da ya huce. A bututu ɗaya ake turo fetur, dizal na bin bayansa, kananzir na bin dizal, shi kuma aikinsa ya san inda wutsiyar wannan ta ƙare, kan wancan ya fara, don kada a juye dizal a tankin fetur.

To, mai ba ya faɗin gaskiya. In ya ji zafi sai ya kumbura, in aka matse shi sai ya tsuke. Saboda haka duk abin da mita ta nuna, sai Sha-Biyar ya rage na zafi, ya ƙara na matsi, ya mayar da shi yadda zai kasance a digiri sha biyar. Bai taɓa kuskure ba, kuma ba ya bari a manta da hakan.

Matsalar ita ce da lissafin yake komawa gida. Tun da 'yarsu ta haihu a wani gari, matarsa take binsa ya ɗauki hutu su je ganin jika.

"Wallahi, baban yara, in ba ka ɗauki hutun nan ba, zan kwashe kayana in bar maka gidan!"

Sai ya dubi fuskarta, ya ƙiyasta zafin, ya rage a ransa. Abin da ya saura: sati mai zuwa ma ya yi. Haka aka ci wata bakwai.

Wata safiya tana miƙa masa hula ta ce a hankali, "Zan ɗan leƙa wajen yarinyar nan."

Babu zafi, babu abin ragewa. "Allah ya kiyaye hanya," ya ce.

Da ya dawo, babu keken ɗinkinta, babu babbar tukunya, har agogon bango ya tafi, sai ƙusa. Ya daɗe yana kallon ƙusar kafin ya gane. Maganar wata bakwai ce aka matse ta koma ƙarama, shi kuma bai ƙara komai ba.

Washegari ya nemi hutu. Manaja ya cire tabarau ya tambaye shi ko lafiya.

Ya same ta a tsakar gidan 'yar, tana ɗinki, jika a bayanta. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Kwana nawa za ka yi mana, ranka ya daɗe?"

"Biyu."

"A zafi ka faɗa, ko a matse?"

Ya dubi jikan, ya dubi agogonsa da ke rataye a bangon mutane.

"A matse," ya ce.

Ta tura masa kujera da ƙafa.