Ciyawar da Umma Ta Shuka wa Baba

Ina wurin aiki a Lafiya da hantsin ranar Talata ƙanwata Asma'u ta kira ni. Tun ranar Lahadi na san an kwantar da mahaifiyarmu a asibiti a Jos, amma an ce mini jininta ne ya hau kuma ya fara sauka, don haka na bari sai Juma'a in taho. Da na ɗauki wayar ban ji sallama ba, sai numfashi. Can ta ce, "Yaya, sai haƙuri. Umma ta cika." Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na yi ta maimaitawa har na shiga mota. An jira ni, bayan La'asar muka kai ta makwancinta.

Sunanta Hajiya Rakiya. Ta koyar da aikin gona a makarantar sakandare har ta yi ritaya, shi ya sa a unguwarmu ta wajen Jos Jarawa kowa Malama yake ce mata. Ɗalibanta da suka zo ta'aziyya sun faɗi abubuwa da yawa a kanta, na haƙuri da na faɗa. Ni kuwa abu ɗaya nake so in rubuta, domin a cikinsa na fi ganin halinta, kuma a kansa na yi mata laifin da ban samu na nemi gafara ba.

Kusan shekara biyu da suka wuce mahaifinmu, Malam Inuwa tela, ya samu shanyewar ɓarin jiki. Da ya dawo gida daga asibiti, masu gashin ƙashi suka ce lallai ya riƙa taka ƙafar kullum, in ba haka ba za ta mutu gaba ɗaya. Tsakar gidanmu kuwa ba wurin koyon tafiya ba ne. Tun muna yara Umma ta dasa kiri-kiri a wurin, amma ciyawar ta tsufa, ta zama tsibiri-tsibiri, tsakaninsu sai marmara da tsakuwa da ƙaya. Ranar da Baba ya fara gwadawa ya yi tuntuɓe, ya faɗi, girarsa ta fashe. Tun daga ranar ya ƙi tashi daga kujera. In an lallashe shi sai ya juya fuska bango.

Na zo hutun ƙarshen mako na ce zan kawo magina a zuba siminti, wurin ya zama sumul, a huta. Ni ɗan fari ne, Umma ba ta kiran sunana. Ta ce, "Kai, wanda ke tsoron faɗuwa ba a shimfiɗa masa dutse."

Na ce, "To me za a yi, Umma?"

Ta ce, "Ciyawa zan sake."

Tana da tsohuwar abokiyar aiki a Vom, Mama Kaneng, wadda suka koyar tare shekaru da yawa. A gidanta Umma ta taɓa ganin wata ciyawa mai siraran ganye, mai laushi kamar darduma, irin ta ƙasashen sanyi. Ta je takanas ta roƙi iri. Mama Kaneng ta ba ta, amma ta gargaɗe ta da irin Hausarta: "Malama, wannan ciyawa ba ya son zafi fa. Nan Vom ma yana ba ni wahala, balle cikin gari." Umma ta ce ta ji, za ta gwada.

Abin da ya biyo baya na ga wani da idona, wani Asma'u ce ta ba ni labari. Umma ta ɗauki fartanya ta tumɓuke tsohuwar ciyawar da saiwarta. Ta bi ƙasar da hannu tana tsince tsakuwa da 'ya'yan aya-aya, tana zubawa a bokiti. Ta sa aka kawo mata ruɓaɓɓen takin shanu da yashi, ta cakuɗa da ƙasar, ta baje da manjagara. Inda duk ta ga tudu ko kwari sai ta durƙusa ta daidaita, domin ta ce ƙafar mara lafiya tana ganin ramin da ido ba ya gani. Ta gauraya irin da yashi ta watsa, ta rufe da karan acca sama-sama don kada tsuntsaye su tsince. Shekarunta sittin da 'yan kai a lokacin. In an ce a kawo mai tayawa sai ta ce ba zai san inda Malam zai sa ƙafa ba.

Ruwa shi ne babbar wahala. Famfo ba kullum yake kawowa ba, rijiyarmu kuma tana ja baya da rani. Umma ta ajiye baho a wurin alwala, duk ruwan da ya zuba ta tara. Ruwan ɗaurayar shinkafa da na ganye ma ba ta zubarwa. Safe da yamma take yayyafawa da gwangwanin da ta huda, kaɗan-kaɗan, don kada irin ya taru wuri ɗaya. Bayan kwana goma sha wani abu wurin ya yi kore shar. Baba ya sa aka juya masa kujera yana kallo.

Amma ta makara da shukar. A watan Janairu ta yi ta, saiwar ba ta kama ƙasa ba zafin bazara ya shigo. Mutane suna cewa Jos garin sanyi ne, sai dai wanda ya zauna a cikinta ya san yadda ranar watan Maris take dukan tsakar gida mai kewaye da bulo da kwano. Cikin mako biyu ciyawar ta koma ruwan ɗorawa, ta kwanta, ta bushe. Ruwan da ake ba ta da yamma sai ya zama kamar ana dafa ta.

A lokacin na zo gida. Na tarar da Umma tsaye a kan busasshen wurin, ta rame, tafin hannunta duk kanta. Raina ya ɓaci, na faɗi abin da bai kamata ɗa ya faɗa wa uwarsa ba. Na ce, "Umma, wannan wahalar banza ce. Kin kashe kanki a kan ciyawar Turawa, ga shi Baba ko taku ɗaya bai yi ba." A gaban Baba na faɗa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Laifina ne, ba na ciyawar ba. Na yi gaggawa. Abin da aka shuka da gaggawa, rana ce ke girbe shi." Ta shige ɗaki. Na koma Lafiya washegari ban ba ta haƙuri ba, ina ganin ni ke da gaskiya.

Ba ta daina ba. Duk daminar nan ta bar ƙasar ta huta, tana cire duk haki da ya fito. Ta sake komawa Vom. Da ruwa ya fara ɗaukewa, ƙasa na da danshi, iska ta fara sanyi, ta sake shuka. Wannan karon ciyawar ta samu watannin sanyi gaba ɗaya tana kafa saiwa. Umma ba ta yarda a aske ta ƙasa-ƙasa. Da almakashin Baba na ɗinki take rage mata kai, ta ce doguwar ciyawa ita ke yi wa saiwarta inuwa. Ta kafa sanduna ta ɗaura buhuna a sama ta ɓangaren da rana ta fi duka. Na taɓa tambayarta a waya yadda take gane lokacin ba da ruwa. Ta ce, "Baƙuwa ce a garin nan. Baƙo ba ya cewa yana jin ƙishirwa, mai gida ke lura."

Wata safiya a watan Disamba Asma'u ta turo mini hoto mai motsi. Baba ne tsaye ba takalmi a kan ciyawar, Umma ta tallabe shi ta ɓarin da ya shanye. Ana jin muryarta tana cewa, "Malam, taka. In ka faɗi ma a kan katifa ka faɗi." Ya taka. Ya ja ɗayar ƙafar. Suka kai har gindin gwaiba suka tsaya, yana haki, ita ma tana haki. Na kalla a ofis na rufe ƙofa. Na kira ta na yi mata barka, muka yi dariya, amma maganar da na faɗa mata da bazara ban tayar da ita ba. Na ce a raina in na zo sallah zan durƙusa in roƙe ta.

Kafin watan Fabrairu ya ƙare Baba yana zagaya wurin da sanda shi kaɗai. Ya faɗi sau biyu, bai ji ciwo ba, ya tashi da taimako ya ci gaba. Har ya fara maganar zuwa masallacin unguwa da ƙafarsa.

Sai bazara ta dawo. Umma ta san abin da ya faru bara, ta ƙudura ba zai sake faruwa ba. Rijiyarmu ta ja, ta koma ɗebo ruwa daga ta maƙwabta, bokiti bayan bokiti, tun bayan Asuba kafin rana ta ɗaga. Ranar Lahadin nan ta dire bokiti a bakin ciyawar, ta dafe kai, ta zauna a ƙasa. Ba ta sake magana mai tsawo ba.

Kwana uku ana zaman makoki. Mata sun cika tsakar gida, aka shimfiɗa tabarmi a ko'ina, har a kan ciyawar, kuma ba wanda zai ce wa mai ta'aziyya ya matsa. Da aka naɗe tabarmin a rana ta huɗu, rabin wurin ya mutu. Mama Kaneng ta zo daga Vom, ta tsaya ta dube shi, ta yi kuka irin wanda ba ta yi a gaban mutane ba.

Da jama'a suka ragu na zauna kusa da Baba da yamma. Harshensa bai warware sosai ba, sai an kasa kunne. Na ce masa akwai maganar da na faɗa wa Umma bara da ke damuna. Ya ce, "Naka mai sauƙi ne. Ta ce mini tun ranar ta yafe maka." Ya share bakinsa da hannun da ke aiki. Ya ce, "Tun watan jiya likita ya hana ta ɗaukar kaya mai nauyi. Ni kaɗai ta faɗa wa, ta ce kada in gaya muku. Kullum ina zaune a nan ina ganinta da bokiti. Na yi shiru, domin ina so in yi tafiya."

Na ce kwananta ne ya ƙare, ko da bokiti ko babu. Ya gyaɗa kai, amma na ga maganar ba ta shige shi ba. Har yau da nake wannan rubutu bai sake sa ƙafa a tsakar gida ba.

Ya Allah, Ka jiƙan mahaifiyarmu Rakiya, Ka gafarta mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya shi, Ka sa wahalar da ta sha a kan mijinta da 'ya'yanta da ɗalibanta ta zame mata nauyi a mizani. Ka sa Aljanna ce makomarta. Ka ba Asma'u da sauran dangi da abokan zamanta haƙurin wannan rashi, Ka yafe mini abin da harshena ya yi mata. Mahaifinmu kuma, ya Ubangiji, Ka ɗauke masa nauyin da ya ɗora wa zuciyarsa, Ka ba shi ƙarfin da zai sake miƙewa. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa su biyun a addu'a. Amin.