Dattijon da ya ƙi barin bakin teku

Ina cikin bas zan sauka unguwar Moss Side a Ingila ɗazu, sai ga saƙon wata nas daga Ostareliya: Kawu Ray ya rasu.

Na taɓa aikin likita na wucin gadi a asibitin 'yan asalin ƙasar, Aborijin, a wani ɗan gari na bakin teku. Kowa Kawu yake ce masa. Ƙodarsa ta gaza, na dage ya koma birni a riƙa yi masa wankin ƙoda.

Ya ce, "'Yata, can wa ya san sunan uwata?"

Na ce, "Kawu, rai ake magana."

Ya daɗe yana kallon ruwa ta taga. "Ke da kika baro naki mutanen, kina barci lafiya?"

Washegari ya kawo min kifin da ya kama da kansa, wai kada in yi fushi.

Bai tafi ba. Nas ɗin ta ce jikokinsa na gabansa har ya cika, a garinsu.

Har na wuce tashata ban sani ba.

'Yan uwana mazauna waje, ku me za ku ce masa?