Waƙar Turmin Yaya

Ku matso kusa, don maganar nan ba ta son ɗaga murya. Ni da aka sani da surutu, shekara da shekaru ke nan ina kewaye ta.

A shekarar da soja suka miƙa mulki muna haya a unguwar Television a Kaduna, gida ɗaya da wata mata 'yar kudancin Kaduna. Langa-langa ce kawai tsakanin madafina da nata. Ta girme ni, ina ce mata Yaya. Ita kuma tana tsokanata da Hajiya, alhali ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Ni ba mai fita ba ce. Karatuna aji uku ne, amma Allah ya ba ni kunne: in na ji waƙa sau biyu, ta zauna.

Yaya takan yi waƙa in tana daka. Duk macen da ta tashi a gidan da ake daka ta san ƙa'ida. Abin da mace ta faɗa wa turminta, nata ne. Kin ji, amma ba ki ji ba. Ba a tambaya, ba a maimaitawa.

Daminar nan sai ta ƙago sabuwa, tana yi a hankali, taɓarya na ba ta kiɗa:

Mai keke ya fita da sassafe,
kwano mai jan murfi a bayansa.
Ƙofar masaƙa ta manta shi,
inuwar bakin kogi ta san shi.

Kada in yi muku ƙarya in ce ban gane ba. Na gane sarai. Mijinta, wanda duk gidan muke ce wa Baba, an sallame shi daga masaƙa. Amma kullum zai goge takalmi, ya ɗaura kwanon abinci a keke, ya fita, sai yamma ya dawo tare da masu tashi aiki. Dattijo ne a cocinsu, bai so kowa ya sani ba.

To, akwai wata tsohuwar shugabar makaranta a Unguwar Boro, lokacin unguwar kusan ƙauye ce. Tana da lambu babba, mangwaro da gwaba da kunyoyin masara. In masara ta nuna sai ta tara mutane ranar Asabar, a yi kiɗa, masu rubutu su karanta abin da suka rubuta. Yaya ce ta matsa mini.

"Hajiya, kullum kina gida kamar randa. Ɗauko gyale mu tafi."

Mun isa da hantsi. An jera bencuna a ƙarƙashin itatuwa, ƙanshin gasasshiyar masara ko'ina. Ga mai gurmi, ga matan zumuntar coci da tukwanen kiɗansu. Malamai suna tashi ɗaya bayan ɗaya da takarda a hannu, wani da Turanci, wani da Hausa, kowa yana murnar yanzu baki ya buɗe, ana iya faɗar magana. Ina ta tafi, amma a raina na ji na ƙanƙance. Kowa da takarda, ni da ƙullin goro.

Wata malama a gefena ta ce, "Madam, ke ba ki kawo komai ba?"

Yaya ta amshe. "Wannan? Me za ta yi da takarda? Ai rediyo ce, ku murɗa ta kawai!"

Aka yi dariya, aka turo ni gaba, aka miƙo mini makirfo. Waƙoƙin biki cike da kaina, amma na raina su a gaban masu ilimi. Na so in kawo abin da ba wanda ya taɓa ji. Sai na buɗe baki na yi waƙar Yaya.

Wallahi ta yi daɗi, nan ne abin kunyar. Mai gurmi ya kama, matan zumunta suka ɗauki amshi, tukwane suka shiga. Malamar nan har ta ciro biro tana rubutawa. Kaina ya yi girma, na maimaita sau uku. A na ukun ne na ga wani mutum da na san yana aiki a masaƙa ya daina tafi, ya waiwaya. Na bi idonsa. Yaya tana zaune, a cinyarta kwano mai jan murfi, wanda ta zubo mana dafaffiyar gyaɗa a ciki. Kusa da ita ga Baba, wanda ya iso bayanmu, kekensa jingine da gwaba.

Kai ya bi kai, kowa ya juya yana kallonsu. Amshi ya mutu a bakin mata ɗaya bayan ɗaya, sai gurmi kaɗai, shi ma ya yi shiru.

Baba ya miƙe, ya gyara hula, ya je ya yi wa mai lambu godiya yadda ya kamata. Sannan ya ja kekensa ya fita. Bai hau ba, turawa ya yi har ya ɓace mana.

A cikin bas ni da Yaya, gwiwa na gugar gwiwa, har muka wuce Sabon Tasha. Ta ce, tana kallon taga, "Muryarki da daɗi, Hajiya."

Da ta zage ni, da na samu abin riƙewa.

Ranar Litinin Baba bai goge takalmi ba. Keke ya kwana a zaure, ya wuni a zaure, har tayoyinsa suka sace. Yaya ba ta daina gaishe ni ba, ba ta daina miƙo mini ɗanɗanon miya ta saman langa-langa ba. Daka ce ta sauya. Dum, dum, dum, ba murya. Ina tsugune a madafina ina jira, ba ta ƙara yi ba, har muka tashi muka koma Tudun Wada.

Sau nawa na shiga wurinta da niyyar in ce ta yafe mini? Sai in zauna in yi hirar tsadar manja, da ciwon baya, da ruwan sama, in tashi. Bakin nan nawa ya iya komai ban da wannan.

Kwanan baya na ji Baba ya rasu, ita Yaya tana wurin 'yarta a Sabon Tasha. Ba nisa, gada ce kawai zan haye. Waƙar kuwa tana nan a kaina, ba baitin da ya ɓata. Wani lokaci in ina jajjage sai in kama kaina ina yin ta, in toshe baki.

Gyalena yana rataye tun jiya. Ku da kuka ji duka, in na yi sallama ta ce "Hajiya, ke ce?", da wace magana zan fara?