Teburin Maman Kathambi

Ranar da Nkirote ta ajiye aikin koyarwa ina cikin gonar shayi, kwando a baya. Ƙanena Muthuri, wato mijinta, shi ya gangaro ya same ni yana ta sosa ƙeya. Wai matarsa ta ce 'ya'yanta ba za su taka makaranta ba, ita za ta koyar da su a gida, a kan teburin cin abinci.

Na ce, "Korarta aka yi?"

"Ba a kore ta ba, Yaya. Ta ce Ubangiji ne ya ɗora mata nauyin."

"Kai kuma Ubangiji bai ɗora maka bakin magana ba?"

Na sauke kwandon na zauna a kan jar ƙasa. A duk faɗin garinmu Nkubu ban taɓa jin wanda ya samu aikin gwamnati ya mayar da shi da hannunsa ba.

Nkirote doguwa ce siririya, daga wajen Chogoria aka auro mana ita. Ba ta ɗaga murya, ba ta gardama, sai dai idan ta ce eh to an gama, ko za ka kwana kana magana. Wannan halin nata ya fi komai ba ni haushi, domin ni mai son a yi ta ta ƙare ce. Da na tsare ta a kicin na tambaye ta dalili, sai ta ba ni labarin wani yaro da ya shekara a can bayan ajinta. Yara sun yi yawa, ita ɗaya. Sai da shekara ta ƙare ta gane bai iya haɗa baƙi biyu ba, kwafar allo kawai yake yi, kuma ba wanda ya waiwaye shi, har ita.

Ta ce, "Yaya, ba zan yarda a zaunar da nawa a baya ba."

Na ce, "To ki zaunar da su a gaba mana, Hedimasta." Tun daga ranar nake kiranta da wannan sunan, ita kuma take amsawa ba ko gezau.

Shinge ne kawai tsakanin gidana da nasu, saboda haka makarantar a kunnena aka yi ta. Da sassafe a tatsi saniya, a sha kunu, sai waƙar yabo, sai addu'a, sai kowa ya kawo ayar da ya haddace. Daga nan a share tebur a baje littattafai. Kathambi ce babba, sai Mutuma, sai auta Kendi da ta fara karatu tana rarrafe a ƙarƙashin teburin. Da waken githeri, dafa-dukanmu na kullum, suka koyi ƙidaya, kafin a zuba shi a tukunya da masara. Ranar da saniya za ta haihu an rufe littafi, darasin ya koma garke. Wata rana na shiga aron gishiri na tarar da Kathambi, lokacin ko haƙoran gaba ba ta gama mayarwa ba, tana karanta wa uwarta jarida da Turanci. Na riƙe baki na fito, gishirin ma na manta shi.

Doka ɗaya ce a teburin nan, kuma na ji ta ta shinge har na haddace. Wanda ya gama aikinsa ba ya tashi. Zai ja kujerarsa zuwa wurin wanda ya maƙale, ya dafa shi, ya ce, "Karanta min, me ake tambayarka?" Ba a faɗin amsa, ba a kuma barin mutum yana kuka a kan takarda. Nkirote ta fi tsananta wannan fiye da lissafin kansa. Na taɓa ganin ta hana Mutuma fita ƙwallo saboda ya gama ya zame ya bar Kendi tana hawaye a kan harafi.

Wanda abin bai taɓa kwanta masa ba shi ne Baba, mahaifinmu. Dattijon coci ne, ƙasar da muke zaune a kai duk tasa ce, kuma ba takalmi ya yi ta takawa zuwa makarantar mishan yana yaro. A wurinsa makaranta da coci uwa ɗaya uba ɗaya ne. Duk Lahadi bayan sujada sai wani ya tambaye shi, "Dattijo, jikokinka wane aji suke?" ya rasa amsa. Da Kathambi ta kai shekarun gama firamare, ya tara mu a ƙarƙashin bishiyar fiya, har da Rabaran ɗin cocinmu a matsayin shaida.

Ya ce, "Maman Kathambi, na yi haƙuri. Yarinyar nan za ta zauna jarrabawar ƙasa kamar 'ya'yan kowa. In ta fito da sakamako, na rufe bakina har kabari. In babu, watan Janairu duka ukun su sa yunifom."

Ta ce, "Na yarda, Baba."

Shiri kam an yi shi. Aka yi wa Kathambi rajista a wata makarantar gwamnati da ke ƙetaren rafi. Nkirote ta samo tambayoyin shekarun baya, ta ɗora agogo a kan tebur, ta riƙa koro min Mutuma da Kendi gidana don kada su dami yayarsu. Kathambi ta zauna ita kaɗai ta yi ta rubutu wata da watanni. Ni kaina na san yarinyar za ta ci, har na fara tunanin da wane ido zan kalli Hedimasta.

Ranar farko lissafi aka yi. An kwana ana ruwa, muka raka ta cikin taɓo, ni da uwarta, don Muthuri ya fita da motar madara. A cikin yaran nan duka ita kaɗai ce ba yunifom, ta sa rigarta ta zuwa coci. Ɗan sanda ya tsaya a bakin ƙofa, mu kuma muka samu gindin bishiya muka buɗe fulas ɗin shayi. Nkirote ba ta sha ba, leɓɓanta kawai ke motsi.

Ba a kai ga buga ƙararrawar tashi ba sai ga wani malami ya leƙo yana tambaya, "Ina iyayen yarinyar nan ta gida?" Na ɗauka suma ta yi.

A ofishin shugaban makarantar muka same ta zaune lafiya lau, hannuwa a cinya. Matar da aka turo sa ido a jarrabawar tana tsaye, babbar mace mai furfura, ta cire tabarau tana ta goge shi da bakin mayafi.

Ta dubi Nkirote ta ce, "Ke ce uwar? Baiwar Allah, na tsufa a aikin nan. Na kama mai takarda a cikin safa, na kama mai rubutu a cinya. Irin na 'yarki ban taɓa gani ba. Ta gama, ta kife takardarta, ta miƙe ta ɗauki kujerarta a gaban idona, ta kai ta wurin yarinyar da ke gefenta. Ta zauna, ta dafa ta, ta ce, 'Karanta min, me ake tambayarki?' Da muryar da kowa ya ji. Da na taso, har murmushi ta yi min, wai in ɗan jira."

Na ce, "Da kujerar?"

"Da kujerar."

Kathambi ta dubi uwarta, ba alamar tsoro a fuskarta, mamaki ne kawai. "Mama, kuka take yi. Tun da aka fara take kuka, ba wanda ya je. Ni kuma na gama nawa."

Mai sa idon ta ce, "'Yata, ba a karanta muku doka ba?"

"An karanta. An ce kada a saci amsa. Ban sata ba, ban kuma ba ta ba."

"Ita ta kira ki?"

"A'a. Ko sunana ba ta sani ba."

Na waiwaya na ga fuskar Nkirote ta yi fari fat. A nan take ta gane abin da ni ma na gane. Duk watannin nan na gwaji yarinyar ita kaɗai ce a tebur, ba kowa a gefenta balle ya yi kuka. Abin da ɗan aji ɗaya ya sani a kowace makaranta, cewa ranar jarrabawa kowa ta kansa yake yi, ba wanda ya taɓa faɗa mata, don ba wanda ya zaci sai an faɗa.

Matar ta tura ƙofa ta rufe, ta rage murya. "Ni ma uwa ce, kuma na leƙa takardarta, na ga abin da ta rubuta. In na kai maganar yadda take, za a soke mata jarrabawar gaba ɗaya. Amma in yarinyar ta ce min fensirinta ne ya gangara ta bi shi, haka zan kai. In ja mata kunne, gobe ta dawo ta ci gaba."

Ban jira kowa ba na ce, "Fensir ne. Ni na saya mata shi, santsi gare shi, ko a gida haka yake gudu."

Ba wanda ya kalle ni. Kathambi ta ce, "Mama, in ce fensir ne?"

Na matsa kusa da Nkirote. Na taka mata ƙafa, na sake takawa. Cikin raɗa na ce, "Hedimasta, ki tuna Baba. Ki tuna Janairu. Kalma ɗaya ce."

Ta juya ta tambayi 'yarta, "Fensir ne?"

"A'a, Mama."

"To."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Shekarun da matar nan ta kwashe a kan teburin nan, da aikin da ta ajiye, da surutun mutanen coci da ta shanye, duk ta tattara ta miƙa da "to" guda ɗaya. Mai sa idon ta mayar da tabaranta ta ce Allah ya sa mu dace. A hanyar gida ban yi wa kowa magana ba, don in na buɗe baki abin da zai fito ba na 'yar coci ba ne.

Baba yana zaune a gindin fiya muka iso. Nkirote ta durƙusa ta faɗa masa komai da bakinta, har da zancen fensir, ba ta rage ba. Tsohon ya saki baki yana kallon jikarsa. Shi ma abin da ya fara tambaya shi ne, "Da kujerar?"

Ban san lokacin da na tsoma baki ba. Na ce, "Baba, yarinyar nan ba faɗuwa ta yi ba. Ta riga kowa gamawa. A bar su su sake gwadawa baɗi."

Ya ce, "Gacheri, yau ke ce lauyan teburin?" Ya juya ga surukarsa. "Maman Kathambi, abin da kika yi a ofishin nan, da ni ne ban san ko zan iya ba. Amma yarinya ta kai wannan girma ba ta san yadda ake zama cikin mutane ba, wannan ya tsorata ni. Kuma mun yi magana a gaban Rabaran."

Ta ce, "Mun yi, Baba." Ba ta roƙa ba, ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi kukan, don haushi.

Jarrabawar dai an soke ta. Janairu ta zo. Aka ɗinka yunifom uku, Kathambi za ta shiga ajin ƙarshe a makarantar nan ta ƙetaren rafi. Tunda hanyar rumfar da nake kai ganyen shayi awo ce, ni aka ce in raka su. Na shigo da safe na tarar an yi waƙa an yi addu'a kamar kullum, an share tebur, sai dai ba littafi ko ɗaya a kansa. Nkirote ta tsugunna a bakin ƙofa tana gyara wa Kendi kwalar riga. Ta tara su ukun a gabanta.

Ta ce, "Ku saurare ni da kyau. A can, in an ba ku jarrabawa kuka gama, ku zauna a inda kuke. Kada ku ja kujera. Kada ku kalli na gefenku."

Kendi ta ɗaga kai. "Ko da tana kuka?"

Nkirote ta sake gyara kwalar da ta riga ta gyaru.

"Ko da tana kuka."

Kendi ta juyo ta kalle ni, tana jiran in ce wasa Mama take yi. Na saɓa kwandona na ce su wuce mu tafi, kada a rufe ƙofa.