Ranar da Na Wanke Gadon Mai Murya

Ko zan manta da komai na aikin nan, ba zan manta da Larabar da na tsaya a barandar Mai Murya da kwat ɗinsa a hannu, ina jiran a yaba mini ba. Ke Hajara da ke Memuna, tun da kuka shigo wanki a hannuna kuke mita wai na cika tambaya kafin in tsoma kaya a ruwa. To ga dalilin. Na sa shi a takarda da ɗan ajamin da babana ya koya mini, don in da baki ne ba na kai ƙarshe.

Abin ya faru shekara biyu bayan annobar mura, muna tsohon Zangon Kumasi tun ba a rushe shi ba. Murar ce ta ɗauke mijina, Malam Idi, ta bar ni da cikin Ladidi. Shi ne mai wankin gidan manajan wani siton koko, irin na gona da Turawa ke saye su kai ƙasarsu, kuma da ya rasu kukun gidan, Baba Garba, ya roƙa aka bar mini aikin. Yayan mijina, Malam Sule, ya aiko daga Salaga cewa in an yaye yarinya zai zo. In ya tarar ina da abin riƙe ta, to; in babu, ya tafi da ita wurin matarsa. Da wannan magana nake kwana, da ita nake tashi. Ko tari Ladidi ta yi a bayana sai in ji kamar an ƙirga mini laifi.

Ga wanda bai san gidan Bature ba, kuku ne babba, shi ke magana da maigida. Sai mai tebur, sai mai lambu, sai mai gadi. Mai wanki ce a ƙasa, ba ta wuce barandar baya. Ƙa'idar gidanmu kuwa ita ce, duk abin da aka rataya a katakon barandar nan ranar Litinin na wanki ne. Ba a kira ki a nuna miki, ke ma ba ki tambaya. Ki kwasa ki nufi rafi, fari a dafa shi a sa bula, a yi sitacin rogo, a goge da dutsen gawayi, ran Laraba ki dawo da su a ninke.

Tsohon manaja ya tafi, aka kawo sabo, ya gaje mu tare da kujeru. Dogo ne, yana jan ƙafar hagu. Kullum da safe sai ya tsaya a baranda ya riƙe ciki yana fitar da wasu sautuka, wani sirit, wani kamar daga rijiya. Ranar farko na yi a'uzubillahi na ƙara ɗaure goyona. Matan Tonawa, 'yan ƙasar, masu kawo itace suka ce wannan buroni, wato Bature, yana da abin da yake bautawa. Mu kuma muka sa masa Mai Murya.

Baba Garba, da yake tsohon soja ne yana jin Turanci, shi ya warware mini.

"Ba aljanu ba ne, uwar Ladidi. Gidansu 'yan wasa ne."

"Baba, irin 'yan kama?"

"Kusa da haka. Amma su a babban ɗaki suke yi, mutane su zauna a kujera su yi tsit."

Na ce ashe Turawa ma suna da 'yan kama. Ya ce kakansa ɗan wasa ne, ubansa haka, uwarsa haka. A bayan dandali aka haife shi, a kwandon kayan wasa yake barci. Yana wata uku aka ɗauke shi aka fita da shi gaban jama'a a matsayin jaririn da aka tsinta, yana shekara bakwai aka fara ba shi magana. Daga nan gari gari a jirgin ƙasa, yau shi ne ango, gobe ɓarawo, jibi liman ɗinsu, har sunansa ya fara hawa saman takardar da ake mannawa a bango. Sai yaƙin Jamus ya ci masa gwiwa. Masu gidajen wasa suka daina nemansa, wani kawunsa ya samo masa zaman sito a Kumasi. Na ji tausayinsa, don mu dangin babana marina ne, na san yadda marini yake zama in ya rasa karofi.

Wata rana Turawan gari suka shirya taro a kulob ɗinsu ran Asabar, suka roƙe shi ya yi musu wasa. Ni ban san da wannan ba. Litinin da safe ya buɗe baƙin akwatinsa ya rataya wani kwat a katakon baranda don ya sha iska, ya hau mota ya tafi ƙauye duba koko. Na zo na tarar da shi a tsakiyar kayan wanki.

Ban taɓa ganin tufa mai ban kunya irinsa ba. Gwiwar hannu duk biyu a fashe, aljihu yana reto, gindinsa kamar an ja shi a taɓo, wuyansa ya yi baƙi ƙirin da maiƙo. Na ce a raina, in wani ya ga wannan a gidanmu, ni za a zaga, a ce mai wankin gidan malalaciya ce, magana ta kai Salaga. Malam Idi ya koya mini cewa kafin ki wanke tabo ki karanta shi, ki san abin da ya kawo shi. Na zauna a bakin rafi na juya kwat ɗin nan ciki da waje, na shinshina, na kankara da farce, har Ladidi ta yi barci ta farka. Ulu ne, ban dafa shi ba. Ruwan sanyi da sabulun salo da lemon tsami, sau biyar. Talata na ɗinke duk inda ya yage, na samo maɓallai biyu a kasuwa. Laraba na goge shi ya fito fes.

Da la'asar ya dawo. Na miƙa masa da hannu biyu ina sunkuyar da kai.

Bai karɓa da wuri ba. Da ya karɓa sai ya kai wuyan kwat ɗin hancinsa, ya daɗe. Ya juya ya shinshina hannun. Sai ya zauna a kan matakala. Mutumin da muryarsa ke kai bakin titi, da ƙyar muka ji abin da ya faɗa wa Baba Garba. Ya tashi ya shige ɗaki.

"Baba, bai fita ba ne? In sake?"

"Ya fita, 'yar nan. Ai fitar ce masifar. Kin wanke masa ubansa."

Ashe kakansa ne ya tsara wani wasa na mutum ɗaya, labarin tsohon baduku da ɗansa ya tafi teku bai dawo ba. A cikin kwat ɗin nan kakan ya yi shi, uban ya yi shi, shi ma ya yi. Yagar da gangan aka yi, taɓon ma shafa shi aka yi. Abin da ya rage masa na uban ke nan, da warinsa.

"Ya ce kada ya ƙara ganinki a gidan nan."

Ban san yadda na kai Zango ba. Mai gidan da nake haya, Gwaggo Asabe mai goro, tana tsakar gida tana canza wa goro ganye. Na faɗa mata ina kuka.

"Ikon Allah," in ji ta. "An kori mai wanki don ta yi wanki. Gobe sai a kori kuku don tuwo ya nuna."

"Gwaggo, za su tafi da Ladidi."

"To kukan ne zai hana? Miƙo ta nan, kin jiƙa mata kai."

Ta karɓe ta, ta goge jan goron bakinta da gefen zane. Na tsaya ina kallon zanen. Shekara guda ina fama da jan goron nan na zanen Gwaggo, bai taɓa fita ba. Nan take hawayena suka tsaya: ashe tabon da aka cire ana iya mayar da shi.

Alhamis da hantsi na koma. Baba Garba ya tare ni a ƙofar madafa.

"Ke ba ki da kunne? Ni ma so kike a haɗa da ni?"

Na durƙusa na ce, Baba, don darajar Malam Idi, ka faɗa masa abin da zan faɗa, kada ka rage. Ya yi tsaki, ya ce 'ya'yan yanzu sai su sa tsoho ya mutu a tsaye, amma ya cire gyalen aikinsa ya shiga ya kira shi.

Mai Murya ya fito bai dube ni ba. Na fara lissafa masa tabon kwat ɗin. Na ce a hannun hagu akwai ɗigon kyandir huɗu. A ƙirji akwai shayi, tsohon gaske. Taɓon gindi ba taɓo ba ne, fenti ne, na ga sawun burushi, na yi mamaki amma ban tambaya ba. Aljihun dama ba yagewa ya yi ba, da almakashi aka fara shi. Baba Garba yana juya masa da Turanci, Baturen ya fara ɗago kai. Na ce a wuya kuma maiƙon layi uku ne, ba ɗaya ba. Na ƙasa mai faɗi, na mutum mai gajeren wuya. Na tsakiya ya fi jan fenti yawa, ya fi nauyi a gefen dama, kamar mai shi yana karkata kai in yana magana. Na sama siriri ne, bai daɗe ba.

Ya sa a maimaita masa na tsakiyar. Sai ya karkata kansa dama a hankali, kamar mai gwada hular wani. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce haka ubansa yake tsayawa, shi kansa ya manta sai yanzu.

Na ce a ba ni kwat ɗin zuwa gobe. Warin ba zan iya dawo da shi ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma mai cire tabo ta san gidan kowane tabo.

Ya ba ni zuwa la'asar ɗin Juma'a, ya haɗa mini da guntun fentin da suke shafa wa fuska.

Ban taɓa yin aiki mai ciwo irin wannan ba, in ɓata abin da na gyara da hannuna. Na warware ɗinkina ɗaya bayan ɗaya. Na goga gwiwar hannun a dutsen niƙa. Gwaggo ta tauna goro har muƙamuƙinta ya gaji, tana cewa yau ga ta tana yi wa Bature aiki da baki. Jar ƙasa da ƙaro da toka suka zama taɓo. Man kaɗe da fentinsa suka zama maiƙon wuya. Maƙwabta suka taru suna kallo, wata ta ce baƙin ciki ya taɓa ƙwaƙwalwar uwar Ladidi. Daga ƙarshe na rataya shi a saman murhun Gwaggo hayaƙi ya bi shi.

Juma'a na kai. Ya duba hannu, ya duba aljihu, ya zo wuya ya ɗaga yatsa biyu yana tambaya da ido. Na ce wa Baba Garba ya gaya masa na kaka da na uba na mayar, nasa kuwa shi zai sa da wuyansa.

Sai ya zura shi. Wallahi a gabanmu dogon nan ya rage tsawo. Kafaɗu suka zube, hannu ya kama rawa, jan ƙafar da muka saba gani ya zama na tsufa. Ya jawo turmin madafa ya zauna, ya ɗauki takalmin da babu shi yana huda shi da basillar da babu ita. Mai lambu ya ajiye garma, mai gadi ya matso. Baba Garba ya fara fassara: tsohon yana gyara takalmin ɗansa ne, kowace shekara yana ƙara masa girma, don yaro yana girma a inda yake. Daga nan Baba Garba ya daina juyawa, ba mu kuma bukaci fassara ba. Can tsohon ya ji kamar motsi a ƙofa, ya ɗaga kai da murna. Dukkanmu muka waiga, har da ni da na san babu kowa. Na kai hannu baya na dafa Ladidi.

Da ya gama ya miƙe ya koma Mai Murya. Ya shinshina hannun kwat ɗin ya yamutsa fuska.

"Daddawa," ya ce da Hausarsa ta koyo.

Baba Garba ya yi dariya har da tari. Mai Murya ya faɗa masa wata magana ya shige ciki.

"Baba, me ya ce?"

"Ya ce Litinin akwai wanki da yawa, kada ki makara. Tashi, ke kuma, kin tsaya kina yi mana kuka a tsakar gida."

Da aka yaye Ladidi, Malam Sule ya zo kamar yadda ya faɗa. Ya kwana uku yana kallon yadda nake fita da yadda nake dawowa, ya sa wa yarinya albarka, ya koma Salaga shi kaɗai. Mai Murya ya yi shekara uku da mu, ya hau jirgin ruwa a Sakunde ya tafi gida. Baba Garba ya ce wai wani ƙanensa ya buɗe ƙaramin gidan wasa, yana neman mai yin tsofaffi. Ban ƙara jin labarinsa ba. Baba Garba ya rasu, Gwaggo ta rasu, gidanta ma babu shi. Wani lokaci in na wuce ta wajen tsohon siton da safe sai in rage tafiya, ba don komai ba.

Abin da na koya ke nan. Mu masu wanki muna ganin duk datti abokin gaba ne, alhali wani dattin yana da mai shi. Malam Idi ya koya mini in karanta tabo in san abin da ya kawo shi, ni kuma na ƙara a kai: ki tambayi mai tufa ko yana so ya tafi. Tambaya ba ta cin sabulu, Hajara. Ni da ban yi ta ba, saura ƙiris in biya da 'yata.