Neman Zanen Inna a Fagam

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da abokiyar ɗinkina, hoton Inna na cikin jaka naɗe da ƙyalle. Ban san Inna ba, ina goye ta rasu. Baba kuwa ni ce 'yar farinsa, har ya koma ga Allah bara bai taɓa kiran sunana ba, balle ya ba ni labarinta. Abin da na sani kawai, 'yar wajen Gwaram ce. A ƙasan akwatinsa na tsinci hoton: mace zaune ta sha zanen saƙi, murjani a wuya, ɗaurin fatala har yana neman taɓa sama. Na ce shi ke nan, ga uwata.

Tun da kuɗin mai ya shigo, matan birni kowa sai leshi. Ni kuwa adon bakin zanen nan na kwaikwaya a wuyan riguna, kuma ya karɓu. Shi ya sa na ce bari in nemo masaƙin, ko Allah zai sa ya san mai zanen.

Motar ta cika maƙil. Kafin Wudil wata tsohuwa ta tsine wa naira da kwabo sau uku, ita har yanzu da sule take lissafi. A Birnin Kudu muka sha furar da ta fi ta Kano, a rabin kuɗin ta Kano. Na nuna wa wani dattijo mai tufafi hoton, ya ce saƙar Gwaram ce, ba tantama. Muka hau a-kori-kura tsakanin buhunan gero da akuya biyu. A Gwaram masaƙi ya juya hoton, ya ce ai wannan hannun Birnin Kudu ne. Abokiyata ta ce ko dai mu zauna a tsakiyar hanya mu jira zanen ya zo da kansa? Ni dariya ma ta gagare ni, kaina ya ɗaure tamau.

Wata mai kitso ce ta cece mu. Ta ce mu bar zane, ɗaurin fatalar na matan Fagam ne. Ga rana, ga gargada, ga duwatsu, muka isa bayan azahar. Mata suka yi ta miƙa wa juna hoton suna ƙus-ƙus, sannan aka raka mu wani gida.

Muna shiga na ga matar hoton zaune tana ɓarar gyaɗa. Ta manyanta, amma wallahi ita ce. Wa aka binne ke nan? Baba ne ya ɓoye mini, ko ni ce na zautu? Ban san lokacin da na durƙusa na ce "Inna" ba.

Ta karɓi hoton, ta tambayi sunan Baba, ta yi salati. Ta ce ita ƙawar Inna ce. Ranar da mai hoto ya zo garin, Baba ya nace a ɗauki amaryarsa, alhali tana da cikin fari. Kunya ta hana ta zama gaban baƙo. Sai Inna ta ɗaura wa ƙawar tata zanenta, wanda ita da kanta ta kaɗa zarensa, ta yi mata ɗaurin fatala, ita kuma ta laɓe tana riƙe da labulen baya.

Matar ta ɗora yatsa a gefen hoton. Yatsu huɗu ne masu lalle, sun kama bakin labule. Shekara guda ina kallon hoton nan, ban taɓa ganinsu ba.

"Ga uwarki nan," ta ce. "Ke ma kina nan, bayan labulen."

Na yi kuka har gyaɗarta ta jiƙe. Ta riƙe mu kwana biyu, ta koya mini ɗaurin, ta ce ban kai Inna iyawa ba, ko kusa.

Mun dawo Kano lafiya, masaƙin dai ban same shi ba. Na gane wanda bai tambaya ba, duk fuskar da ya tsinta uwarsa ce. Hoton yana rataye a saman keken ɗinkina. Masu kawo ɗinki su yi ta yaba kyawun matar, ni kuma idona na gefe, kan yatsun nan huɗu.